Sunayen da Suka Riga Tseren Fitowa

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ma'aikacin masaƙa ne a Bompai.

Ƙanena Sale ya shiga tseren zaɓen 'yan gudun da gwamnatin tarayya za ta ɗauki nauyinsu. Ranar Asabar aka yi, a gabana ya zo na ɗaya. Da aka kafe sunaye, babu nasa. Kwanan watan da ke kan takardar kuwa na Alhamis ɗin da ta gabaci tseren ne. Sau uku ina duba littafin da nake rubuta al'amuran kullum, ko ni na ruɗe.

Da muka kai koke, jami'in da ke kula da zaɓen ya ce, "Kuskuren mai tafireta ne, Malam. Ya dawo wata mai zuwa."

Manajan kamfanin da Sale yake aiki a Sharaɗa kuma ya ce in ya sake neman hutu, a bakin aikinsa.

Jama'a, in ce masa ya je?