Butar Maigidana

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ce Maman Sadiya daga Kwandiko.

Maigidana manomi ne mai kirki, sai dai akwai saurin fushi. Limaminmu ya ba shi shawara: bayan asuba ya zauna azkar har rana ta fito, da yamma ya buga dara don ƙwaƙwalwa ta motsa, in kuma ransa ya ɓaci, kada ya ce uffan sai ya yi alwala.

Rannan awakin maƙwabcinmu Malam Sule suka cinye mana waken gona. Na ce yau sai gaban mai unguwa! Da Malam Sule ya zo ba da haƙuri, maigidana ya dube shi, ya ɗauki buta. Ya dawo ya sake dubansa, ya koma ya ƙara cika ta. Sannan ya ce, "Malam, a dai riƙa ɗaure su." Wallahi da yamma tare suka buga dara.

To jiya na gaya masa Innata za ta zo ta yi damina a wurinmu, sai ya miƙe ya ɗauki buta. Masu sauraro ku taya ni dubawa: sallar walaha ce, ko in ce Inna ta dakata?