Sabuwar Ɗamarar Tussa

A shagon kayan karnuka na garin Røros na ji su. Wani dattijo ne yake zaɓa wa karyarsa Tussa ɗamarar jan keken tsaye, irin wanda ake tsayawa a kai ana turawa da ƙafa, wata mata ta sa baki.

"Wannan ta yi mata faɗi, dattijo. Da ta fara ja za ta danne mata maƙogwaro."

"Irinta take sawa shekara tara."

"Sa yatsu biyu a wuyan ɗamarar ka gani. Hannunka duka ya shige!"

"Tussa ba ta rame ba. Gashi ta zubar."

"To, gashin ne. Ɗauki waccan mai laushin ƙirji. Kilomita nawa take jan ka?"

"Shida, kullum da safe."

"Ita kaɗai? Kada ka ji haushi, amma kai ba ƙaramin mutum ba ne."

"Ina ɗan taimaka mata da ƙafa."

"A hawan tudu?"

"Da inda ba tudun ma. Rage murya mana, tana ji. Idan igiya ta saki sai ta waiwayo, shi ya sa nake ɗan matsa birki, ta ji kamar da nauyi."

"Wato kai ke turawa, ita ke shan yabo!"

"Shekarar da gwiwata ta lalace ita ta yi ta ja na, ba ta taɓa yi mini gori ba."

Matar ta durƙusa, ta sa wa Tussa ɗamarar, ta gwada wuyan.

"Ta zauna daidai. Kai kuma ka nemi takalmi mai ƙwari."