Faɗi-tashi Ya Hau Bene

Auta: Salamu alaikum. Kawu? Kana ji na?

Kawu: Wa'alaikumus salam. Wa ke magana?

Auta: Ni ce, Auta.

Kawu: Autar wa? Auta ai da yawa a duniya.

Auta: Kai, Kawu! Autar yayarka mana.

Kawu: A'a, 'yar boko! To ai muryar ce ta dishe kamar ta mai tallan gawayi. Ina wuni?

Auta: Ni ya kamata in fara gaishe ka. Ina wuni, Kawu? Ya gida? Ya ƙafa?

Kawu: Lafiya lau. Ƙafa tana nan inda kika bar ta, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

Auta: Ya Inna? Ciwon bayan nan ya sake ta?

Kawu: Da sauƙi, har ta koma yi mini faɗa. Ya mahaifiyarki? Ya karatu? Ya malaminki, mai gemun nan da ba ya dariya?

Auta: Duk lafiya. Yau kam ya yi dariya, har da haƙora.

Kawu: To, lallai duniya ta zo ƙarshe. Me aka ba shi?

Auta: Kawu, na ci!

Kawu: Kin ci me? Da yammar nan? Madalla, ni ko shayi ban...

Auta: Ba abinci ba! Jarrabawar! Yau na tsaya gaban farfesoshi na kare binciken nawa. Sun amince. An gama, Kawu, an gama!

Kawu: Tsaya, tsaya, layin yana tsinkewa. Kika ce an gama? Digirin na ukun?

Auta: Shi.

Kawu: Allahu Akbar! Alhamdu lillahi! Kai! Shekara biyar! Yanzu ke nan Dakta za mu riƙa cewa?

Auta: Sai na yi 'yan gyare-gyare tukuna.

Kawu: Dakta wadda ba ta allura. To Allah Ya sa albarka, Ya sa a amfana. Shi kuma mutumina fa? Faɗi-tashi? Bai ba ki kunya ba?

Auta: Ai saboda shi na kira ka tun kafin in cire takalmi. Kawu, ya hau bene.

Kawu: Wane? Wannan ɗan tsinken na cikin kwamfuta, da a da ba ya taku uku sai ya kifa?

Auta: Ya hau, ya sauko, a gaban mutane.

Kawu: Ba ni labari daga farko. Bari in zauna.

Auta: Su biyar ne a dogon tebur, an haska shi a jikin bango, ya yi tsawon mutum. Ka tuna yadda na ce maka abin yake, ba ni nake ɗaga masa ƙafa ba. Umarni kawai nake rubutawa, layi huɗu: tashi, je ƙofa, hau bene, sauko. Yadda zai yi ya kai can ba tare da ya faɗi ba, wannan shi ya koya wa kansa.

Kawu: Kamar aiken ɗan mutum. Ka ce je ka sayo ƙusa, ba ka ce masa ɗaga ƙafar dama.

Auta: Yauwa. To ya yi duka lafiya. Ina cikin ajiyar zuciya sai baƙon farfesan da aka gayyato daga wata jami'a ya cire tabarau ya ce, wannan ai kin horar da shi a kan benen nan, ya haddace. Ya ce in ƙara wa matakala ta uku tsawo, yanzu, a gabansu.

Kawu: Kai! Mugu!

Auta: Bai tsaya nan ba. Ya ce idan ya kai tsakiya in hankaɗe shi ta gefe.

Kawu: A hankaɗe mai ɗingishi a kan bene? Wannan mutumin yana da iyaye kuwa?

Auta: Sau biyu ina kuskuren rubuta lambar. Na sake shi. Ya hau ɗaya, ya hau biyu, ya zo ta uku sai ya tsaya cak. Na ce shi ke nan, shekara biyar ta tafi. Sai ya ɗan juya gefe, ya kama ƙarfen bene, ya sa ƙafa mai lafiyar gaba, ya jawo ɗayar.

Kawu: Mai lafiya ita ke fara hawa...

Auta: ...mai ciwo ita ke fara sauka. Maganarka ce. Da na hankaɗe shi ya yi tangal-tangal, ya karkata har na rufe ido ɗaya, sai ya dawo ya tsaya. Farfesan ya ce, wa ya koya masa karkatar nan? Littattafai duk ƙoƙarin hana ta suke.

Kawu: Kika ce me?

Auta: Na ce kawuna ne, kafinta. Na ba su labarin ranar da kake zaune a ɗakin bincikenmu da kofin shayi, kana kallonsa yana ta kifawa, ka ce mini, ke kike kayar da shi, kin hana shi karkata, mai gajeriyar ƙafa in bai karkata ba ƙasa zai sha. Wata goma sha huɗu ina rage masa maki duk sanda ya karkace. A ranar na cire dokar nan, cikin mako biyu ya fara tafiya.

Kawu: Ni fa magana kawai na yi, don na gaji da ganin bawan Allah yana dukan ƙasa.

Auta: Ba magana kawai ba ce. Wata uku kana zuwa, ka sa matsattsun baƙaƙen kayan nan, mu manna maka fararen ɗigo-ɗigo tun daga kafaɗa har idon sawu...

Kawu: Kamar zabuwa. Kada ki tuna mini.

Auta: ...kyamara takwas a kanka, kana hawa kana sauka a benen katakon nan don ya kwaikwayi takunka, ƙafarka na kumbura ba ka faɗa ba sai da Inna ta tona. Har benen ma kai ka gyara mana.

Kawu: Wanda ya haɗa shi ai ba kafinta ba ne, maƙiyin katako ne.

Auta: Kawu, ban san da wane baki zan gode maka ba. Wallahi ba don kai ba...

Kawu: Ke, bari. Kuka za ki yi mini a waya? Ɗa na kowa ne, balle ke da na goya a kafaɗa.

Auta: To akwai wata magana kuma. Ka yi haƙuri kafin in faɗa.

Kawu: Na san za a rina. Faɗi.

Auta: Ka tuna sharaɗin da ka sa mini? Cewa daga ni sai malamina za mu ga abin?

Kawu: Na tuna. Su biyar ɗin nan ai dole ne, na sani.

Auta: Ba su biyar kaɗai ba ne. An bar ƙofa a buɗe, ɗalibai sun cika ɗakin, sun kai arba'in. Kuma Umma ta zo.

Kawu: To ai ba shi da fuska. Tsinke ne da ƙwallaye.

Auta: Haka ni ma na ɗauka. Yana fara tafiya zuwa ƙofa, Umma ta miƙe daga kujerar baya ta ce da ƙarfi, la, wannan ai ƙanena ne! Yadda yake sauke kafaɗar hagu, yadda yake ɗan jinkirtawa kafin ya juya... kowa ya waiwaya. Duk wanda ya san ka zai gane ka, Kawu. Ni ce ban lura ba, don kullum ina ganinsa.

Kawu: Hmm.

Auta: Kuma baƙon farfesan yana so a sa bidiyon a intanet tare da takardar da za mu buga. Sannan yana aiki da masu ƙera gwiwa ta...

Kawu: Giwa? Me ya haɗa ni da giwa?

Auta: Gwiwa! Gwiwar ƙafa, ta ƙarfe, wadda ake sa wa waɗanda aka yanke wa ƙafa. Akwai 'yar na'ura a ciki da ke lura da takun mutum tana daidaita kanta. Ya ce tasu tana rikicewa a bene, yana so su gwada dabararmu. Amma ba za a yi komai ba sai ka sa hannu. In ba ka yarda ba, wallahi ba komai. Zan iya gyara tafiyar, in daidaita kafaɗar, in rage ɗingishin yadda ba wanda zai ce kai ne. Ko in cire bidiyon gaba ɗaya. Na san tun da ka faɗo daga rufin nan shekara uku ba ka son ido a kanka, ko taron dangi ka daina zuwa. Na karya alkawari, ka yafe mini... Kawu? Hello? Kawu, layin ya yanke ne?

Kawu: Ina nan.

Auta: Ka yi shiru.

Kawu: Tunani nake. Mahaifiyarki, da ta faɗi haka, dariya aka yi?

Auta: Ba wanda ya yi dariya. Ita ce ma ta zauna tana share hawaye. Da ya sauko daga benen aka yi tafi... Kawu, wace ƙara ce wannan? Ba na jin ka.

Kawu: Malam, kashe injin nan minti biyu, ina waya! Yauwa. Ina jin ki.

Auta: Wannan ai ƙarar zarto ce. Kana ina?

Kawu: Ina... nan kusa.

Auta: Kawu, a shago kake?

Kawu: To tunda kunnenki ya kama ni. Wata biyu ke nan da na dawo.

Auta: Wata biyu! Ba wanda ya gaya mini!

Kawu: Ni na hana Innarki, na ce a bar ki ki ji da farfesoshinki. Rufi dai na bar wa masu ƙafa biyu daidai. Ƙofofi nake yi da kujeru, ni da abokin aikina na da. Da ƙafa nake zuwa, ta babban titi, da rana tsaka.

Auta: Ikon Allah! Me ya faru?

Kawu: Mutuminki ne. Kin tuna zuwana na ƙarshe, da kika juya shi kika nuna mini shi ta baya? Ni ban taɓa ganin tafiyata ba. A raina na ɗauka wani abin tsoro ne, abin da yara za su bi suna nunawa. Sai na ga mutum ne kawai yana tafiya, ya ɗan karkata, yana kuma isa inda za shi. Na tambaye ki sau nawa ya faɗi kafin ya iya, kika duba kika ce sau dubu arba'in da wani abu.

Auta: Da ɗari shida.

Kawu: Na koma gida na kasa cin abinci. Na ce, abin da ba shi da rai ya sha ƙasa sau dubu arba'in bai yi zuciya ba, ni sau ɗaya na faɗo na shige ɗaki shekara uku. Kin ga kuwa in godiya ce, ban san wa ya kamata ya fara ba.

Auta: Kawu...

Kawu: Kin fara kuma. Share fuskarki ki saurara. Kawo takardar in sa hannu. Su sa a intanet, su sa a giwar tasu, duk inda zai yi amfani. Amma da sharaɗi.

Auta: Faɗi, ko nawa ne.

Kawu: Kada ki taɓa kafaɗar nan. Kada ki rage ɗingishin ko da na ƙwayar gero. Shekara uku na yi ina koyon tafiyar nan, ba za ki goge mini ita da yatsa ɗaya ba.

Auta: Ba zan taɓa ba. Wayyo, Kawu, an yi mini gargaɗi, katina ya kusa ƙarewa. Abu ɗaya da sauri: a shafin godiya na rubuta, ga kawuna, tsohon kafinta, wanda...

Kawu: Tsohon me?

Auta: Tsohon kafinta, wanda ya...

Kawu: Goge tsohon nan! Ina tsaye cikin garin katako har gwiwa kina ce mini tsoho? Kafinta za ki rubuta, kafinta kawai. Kuma ki gaya wa mai gemu akwai ragowar matakala ɗaya da ke motsi a benen nasu, kada kowa ya taɓa, ranar Asabar zan zo da guduma da...

Auta: Kawu? Hello? Kawu!