Na Ci Mutuncin Bakanike a Banza

Salamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ne Hamidu, direba, ina kai masara Garwa daga Bibemi.

Tun da aka sauya wa motata inji, turbo ya daina hura iska sosai. In na zo hawa ba ƙarfi, sai baƙin hayaƙi. Na koma gareji, a gaban jama'a na ce wa bakanike, Baba Yakubu, "Ka musanya min turbo da ruɓaɓɓe!"

Ya kwance tiyon iska, ya zaro tsumma. Ni na cusa shi ranar aikin don kada ƙura ta shiga, na manta.

Ya ce, "Ɗana, je ka gwada."

Mota ta miƙe, amma kunya ta hana ni komawa. Baba, na san kana sauraro. Don Allah ka yafe mini.