Kwaɗon Kanal

Iliyasu: Halo? Salamu alaikum. Yaya Indo?

Indo: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

Iliyasu: Iliyasu ne, daga Kura. Ina wuni?

Indo: A'a, autan Inna! Lafiya lau. Ya ban ruwa? Tumatir ya nuna?

Iliyasu: Ana ta ɗiba, alhamdu lillahi. Ya Dawaki? Ya Malam da yara?

Indo: Duk ƙalau. Ya Mansura da goyo?

Iliyasu: Tana gaishe ki. Ita ce ma ta matsa in kira. Ya Surayya da makaranta?

Indo: Hm. 'Yar taka? Gado ta yi. Kai kana ban ruwa a gona, ita tana yi a tabarmata. Gansamemiyar yarinya 'yar aji uku! Yanzu Amalala ake ce mata a unguwa.

Iliyasu: Haba Yaya. Ai maganar ke nan. Da ta zo hutu mun kai ta asibiti, wata nas, Joanna, ta taɓa cikinta ta ce kashi ne ya…

Indo: Ƙashi? Ƙashinta ƙalau, ba inda ta karye.

Iliyasu: Ba ƙashi ba, kashi! Bayan gida! Shi ne ya taru ya bushe a cikinta, yana danne mafitsara. Halo?

Indo: Ina jin ka, daina ihu. Wato kashi ne ke fitsari? Ka ji shirme!

Iliyasu: Ta ce a riƙa ba ta ruwa sosai da rana, da miyar ganye. Yaushe rabonta da bayan gida?

Indo: Oho. Ni ce mai gadin masai? Ruwa kuwa, daga azahar na hana. Randa ma a ɗakina take kwana.

Iliyasu: Innalillahi! Yaya, shi ne ke ƙara…

Indo: Lalaci ne kawai. Shekaranjiya na ɗora mata tabarmar a ka, yara suka zagaya da ita har bakin makaranta. Ka ga dariya!

Iliyasu: Makarantarsu?

Indo: To ta wa? Yauwa, ka tuna min. Ranar da za ka zo, ka kamo min kwaɗo a kanal ɗinku na ban ruwa, ƙato. Namu na nan ƙanana ne, na ɗaura mata a ƙugu ko kuka ba ta yi sosai ba.

Iliyasu: Yaya, amana na ba ki fa.

Indo: Ni na goya ka, Iliyasu. Kai ma da me Inna ta raba ka da fitsarin kwancen?

Iliyasu: Ba ni ita, don Allah. Katin ya kusa ƙarewa.

Indo: Ke Amalala! Zo, ga ubanki. Riƙe nesa da jikinki, kar ki sa min zarni a waya.

Surayya: Baba, ina wuni.

Iliyasu: Surayya, ya cikin naki?

Surayya: Yana ciwo. Amma Baba, na daina shan ruwa gaba ɗaya, ko da safe. Zan daina yi, wallahi. Kar ka kawo kwaɗon.

Iliyasu: Ba zan kawo ba. Ki saurara, ki sha ruwa, kin ji? Ki sha…

Indo: Ya isa haka. Mai ƙurajen baya za ka zaɓo, ya fi ban tsoro.

Iliyasu: Yaya, ki ba ta ru…