Bangon da Aka Yi wa Fenti

Auta: Salamu alaikum. Umma, kina jina?

Umma: Wa alaikumus salam. Auta ce?

Auta: Ni ce. Ina wuni, Umma?

Umma: Lafiya lau. Ya aikin asibitin? Ya maigidan naki da yaran?

Auta: Duk lafiya, suna gaishe ku. Ya jikin Abba?

Umma: Da sauƙi, yana ciki ya kwanta. Ƙafar taki ta daina kumburi?

Auta: Ta daina. Tarin fa?

Umma: Tafiya? Ina zai je a wannan halin?

Auta: Tari, Umma. Tarin Abba.

Umma: Oho. Yana nan yadda kika bar shi. Ki matsa kusa da taga, muryarki na tsinkewa.

Auta: Na matsa. Umma, jiya na kalli muhawarar 'yan takara a wurin aiki. Falon wa aka nuna?

Umma: Namu mana. Bai yi kyau ba?

Auta: Har na ce wa abokiyar aikina sun yi kuskure, gidan wasu suka shiga. Sai na hango Abba zaune a kujerar da ban sani ba. Ina baƙin danshin da ya ci bangon nan daga rufi har ƙasa?

Umma: An ɗan gyara.

Auta: An gyara ko an rufe?

Umma: Maƙwabcinmu Mai Fenti ne ya shafa masa fari. Kujerun da dardumar kuma na matar mai shago ne, na riga na mayar mata.

Auta: Umma, tun bara nake sintiri a ofishin gidaje, ina roƙonsu su zo su ga bangon nan da idonsu. Likita ya ce danshin ɗakin ne ke cin ƙirjin Abba. Sabbin gidajen masu sauƙin haya, waɗanda muhallinsu ya fi lalacewa ake fara ba. Na faɗa miki kar a taɓa komai.

Umma: Kin faɗa. Amma ce mini kika yi ma'aikata ne kawai za su zo. Sai ana gobe aka bugo, wai har da 'yan talabijin, za a haska a muhawara. Auta, dangin Abbanki na kallo. Surukanki na kallo. In bari duniya ta ga inda muka tsufa?

Auta: To da ma'aikatan suka tambaye ki fa?

Umma: Wata yarinya mai hankali ta ce, "Mama, ya kuke jin zaman gidan?" Na ce alhamdu lillahi.

Auta: Shi ke nan?

Umma: Me zan ce wa baƙo yana riƙe da kofin shayina?

Auta: Abba bai yi tari a gabansu ba?

Umma: Na ba shi magani tun kafin su iso, na ce ya daure. Ya daure kuwa, bawan Allah. Suna sauka matakala ya fara, har sai da na riƙe shi... Auta? Kina nan?

Auta: Ina nan.

Umma: Na zaci layin ne ya tafi.

Auta: Kin ji abin da ɗan takarar nan mai sanƙo ya yi da falon naki?

Umma: Na ji da kunnena. Ya nuna bangon da yatsa, wai ga irin gidajen da ake kuka da su, fes da su, to don me za a ƙara wa masu tara gidajen haya haraji? 'Yar takarar da ke son a gina gidajen da kuɗin harajin sai kame-kame ta shiga yi. Ni na ji mata kunya, ina zaune a ɗakina.

Auta: Ɗayan ɗan takarar, mai tabarau fa?

Umma: Wannan ya fi ƙona mini rai. Wai baƙin da ke shigowa ƙasar ne suka sa haya ta yi tsada, a rufe musu ƙofa. Mai Fenti kuma yana zaune a gefen Abbanki, don tasu talabijin ta lalace. Mutumin da shi ma baƙo ne a ƙasar, har yau ba a sabunta masa takardar zama ba. Ya wuni yana mana aiki, ya ƙi karɓar komai, wai ni uwa ce a wurinsa. Ya shanye shayinsa, ya ajiye kofi, ya yi mana sallama. Yau ban ji motsinsu ba.

Auta: Da na sani na ɗauki hutu na zo ranar. Na san halinki, amma na bar ki ke kaɗai da baƙi.

Umma: Ba laifinki ba ne. Ɗazu ma an bugo daga ofishin.

Auta: Ɗazu? Shi ne muke ta gaisuwa ba ki faɗa ba? Me suka ce?

Umma: Wai ba ma cikin masu buƙatar gaggawa. Sai wani zagayen.

Auta: Yaushe ne wani zagayen?

Umma: In an amince da harajin, in ji su. Sai an ga wanda ya ci zaɓe.

Auta: Abba ya sani?

Umma: A gabansa na amsa wayar. Ya dai juya ya kalli bangon. Da faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi. Wallahi ina nadama, Auta. Na tsare masa mutunci na hana shi numfashi.

Auta: Gobe zan koma ofishin. Kuɗin wayata sun kusa ƙarewa, ki saurare ni...

Umma: Tsaya in tambaye ki. In fentin ya fita, za su dawo?

Auta: Ya fita ta yaya?

Umma: Tun da suka bugo nake kankare shi da wuƙar kicin. Hannuna har ya yi kanta. Ba ya fita, Auta. Mutumin nan ya iya aikinsa.

Auta: Umma, ajiye wuƙar nan. Ƙurar za ta shiga ƙirjin Ab...

Umma: Auta? Auta, kina jina?