Bindigar Ganin Wata

Ran kasuwar Talata Mafara, a rumfar maƙera, wani tsoho ya warware bindiga daga cikin tsumma. Wani mai tara tsofaffin bindigogi ya karɓa yana jujjuya ta.

"Baba, wagga ta sha mai, ko ɗigon tsatsa babu. Mi kake harbi da ita?"

"Ba ta taɓa kashe ko kurciya ba. Ta ganin wata ce. In watan azumi ya tsaya sai in ɗura albarushi in harba, abokina Nasidi ya amsa da tasa daga ƙetaren gulbi."

"To mi ya sa za ka rabu da ita?"

"Ruwan dam ya ci garuruwanmu, an watsa mu. Bana na harba a sabon mazauni, na kasa kunne, shiru. Na san halin Nasidi, fushi yake ban neme shi ba."

"Irinta ba yawa, amma ina da 'yar'uwarta, ƙirar hannu ɗaya. Har da jar fata a ƙota."

"Jar fata? Ina ka samo ta?"

"Maradun, wajen wata mata. Tana fita takaba ta kawo ta, ta ce ba ta iya kallonta rataye."

Tsohon ya dafa turken rumfa.

"Inna lillahi. Ni na ɗinka ma Nasidi fatar nan."

"Baba, wallahi ban sani ba. Ungo abarka."

"Riƙe ta, ɗana. Rataye su wuri ɗaya. In wata ya tsaya ka harba tawa, ka ɗan jira, sannan ka harba tasa."